Tambaya ta Talatin da Ɗaya

Ranar Litinin da safe Madam Purity ta haska sunayensu a bangon ofis, kowa da yawan gidajen da ya shiga. Abbagana bai ma ɗaga kai ba, don ya san inda sunansa yake: can sama. Gida tara yake yi a wuni, ranar da hanya ta yi kyau har goma sha ɗaya. Aikin kamfanin nasu ke nan, ƙungiyoyi su kawo tambayoyi, shi kuma ya tura matasa ƙauyuka da tabulet a hannu su cike amsoshi. A wannan karon wata ƙungiya ce mai son yi wa shanun makiyaya allurar rigakafi ta ba da aikin. So take ta san kwalba nawa za ta sayo kafin damina ta yi nisa.

"Abbagana, gida sittin da huɗu," in ji Madam. "Mardiyya, hamsin da ɗaya. Sali, ashirin da uku."

Abbagana ya juya ya dubi Sali, wanda ke zaune a bencin baya da tsohuwar hularsa a gwiwa.

"Fulata, tafiyar saniya kake yi ne? Ko sai ka tsaya ka ci ciyawa a kowane gida?"

"Kolejo, kai bawana ne, dole ka yi gudu," in ji Sali, yana murmushi. "Ni ubangidanka me zan yi wa sauri?"

Aka yi dariya. Babarbare, wanda Fulani ke kira Kolejo, da Bafulatani abokan wasa ne tun kakanni, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, ba mai riƙe maganar a zuciya. Kuma Abbagana ne ya kawo Sali wannan aiki. A kasuwar shanu ta Mubi ya same shi yana riƙe wa dillalai igiya, ya ce masa ana neman mai jin Fulatanci. Shi ya zaunar da shi a ƙofar gidansu a Kolere kwana uku yana koya masa yadda ake shafa fuskar tabulet, don da farko Sali dannawa yake yi da ƙarfi kamar mai kashe kaska.

Madam ta canza shafi. 'Yar Michika ce, gajera, mai tabarau, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta kwana-kwana.

"Yanzu ku duba wannan. Tambaya na talatin da ɗaya: shanu nawa ne a gidan nan? Abbagana, cikin gidajen makiyaya da ka shiga, duka ka danna *ya ƙi amsawa*. Mardiyya ma haka. Sali, ashirin da uku, ashirin da uku duka akwai lamba." Ta cire tabarau. "Wannan tambaya shi ne aikin. Sauran ado ne kawai. Ku tafa masa."

Aka tafa. Mardiyya, wadda ke zaune kusa da Abbagana, ta fi kowa tafi, har awarwaronta na ƙara.

"Ranar Juma'a za a faɗi wanda zai zama shugaban tawaga na zagaye na biyu," Madam ta ƙara. "Duk ƙasar Maiha zai riƙe."

Falmaran shuɗiya ta shugaban tawaga na rataye a ƙusa bayan teburinta. Wata biyu ke nan Abbagana yana kallonta kamar an riga an rubuta sunansa a wuya. Ya bar makaranta tun yana aji huɗu na sakandare, ya zauna shagon atamfar babansa ya gaji, ya gwada gyaran waya ya bari, ya yi tuƙin keke wata biyar. Wannan ne aiki na farko da aka taɓa haska sunansa a sama. Yau kuma ga shi ana tafa wa mutumin da ko kunna tabulet bai iya ba sai da ya koya masa.

Da suka fito, Mardiyya ta ce, "Ka ga mutuminka? Shiru-shiru ashe da aiki."

"Wa ya koya masa?"

"Kai ka koya masa dannawa. Wa ya koya masa abin da kai ba ka iya ba?"

Abbagana ya tuna nasa ƙoƙarin. Ranar nan a wajen Muchalla ya gwada tambayar shanun ta kowace fuska. Ya ce wa wani dattijo, "Baba, shanunka nawa?" Dattijon ya ce, "Alhamdulillahi." Ya ce, "Sun kai ashirin?" Dattijon ya ce, "Suna nan dai." Ya ce allura za a kawo kyauta, dattijon ya ce Allah ya kawo lafiya, ya shiga tambayarsa ko ya sha ruwa. A gidan su Abbagana bandir ɗin atamfa da ƙarfi ake ƙirga shi, ɗaya, biyu, uku, kowa na ji, wanda ya fi yawa ya fi baki a layi. Ya kasa gane mutanen da za su gaya maka ciwon da ke damun matansu amma su ɓoye maka yawan dabbar da ke tsaye a gabanka.

In shi ya kasa, yaya aka yi Sali ya iya? Tambayar ta bi shi har gida, ta zauna masa a ƙirji. Ya tuna yadda Sali ke ɓacewa awa biyu a ruga ɗaya, ya dawo da warin nono a rigarsa. Ya tuna tafin Mardiyya. Kafin la'asar ya riga ya gama yanke hukunci a ransa, kuma hukuncin ya yi masa daɗi.

Washegari ya riga kowa zuwa ofis.

"Madam, ba don komai ba, ni na kawo shi, shi ya sa abin ya dame ni. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, kowa ya sani. Lambobin nan a gindin bishiya yake zama ya ƙirƙiro su."

Madam ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau.

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Amma ki yi tunani."

"Na'ura ya nuna yana cikin rugan, kuma yana daɗewa."

"Zama a ruga ai ba amsa ba ne. Nono yake sha."

Ta rufe kwamfutarta. "To. Alhamis za mu yi bin sawu. Ni da kai da shi, Sorau. Amma ka tuna doka: a bin sawu ana sake tambaya ne daga farko. Ba a karanta wa mutum amsan da ya bayar."

Bin sawu shi ne ranar da Madam ke komawa gidan da aka riga aka shiga, ta sake yin tambayoyin, ta gwada da abin da ma'aikaci ya tura. Wanda aka kama da ƙarya a ranar yake ajiye tabulet.

Sun bar Mubi bayan asuba a motar ofis. An yi ruwa, hanyar ta zama kunu, sau biyu suna sauka su tura. Daga Sorau suka hau mashin zuwa bakin wani mayo, wato rafi, suka naɗe wando suka tsallaka da ƙafa, Madam riƙe da takalmanta a hannu. Sali bai tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi gidajensa ba. Shi ne ma ya karɓi jakar Abbagana a tsakiyar ruwa, ya ce, "Kawo, Kolejo, kada ruwa ya tafi min da bawa." Abbagana ya yi dariyar yaƙe.

Rugar Bappa Adi na kan wani tudu. Sun iske ana tatsa, hayaƙin da ake kora ƙuda da shi ya kwanta a kan garke, maruƙa na ɗaure a dangwali suna kuka. Bappa Adi dogo ne, siriri, gemunsa fari, yana zaune a kan buzu da sandarsa a cinya. 'Ya'yansa maza biyu na tsaye gefe, ga kuma wani baƙo, mahauci daga Maiha, wanda ya zo duba wani bijimi.

Tsohon ya riƙe hannun Sali da hannu biyu, suka yi ta gaisuwa da Fulatanci kamar ba za su gama ba. Sannan ya dubi Abbagana, ya dubi hularsa, fuskarsa ta washe.

"Kolejo ne wannan? Sali, ka kawo min bawa? Madalla, dama ina neman mai kwashe kashin shanu."

"Bappa, ai ni na zo karɓar haraji ne wajen bayina," in ji Abbagana.

Tsohon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Aka kawo ƙwaryar kindirmo. Madam ta bayyana abin da ya kawo su, Sali ya fassara, tsohon ya ce ba komai, a sake. Ta yi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, na rijiya, na hanyar kiwo, na cutar da ta fi damunsu. Da ta iso ta talatin da ɗaya sai ta dubi Sali.

"Yi yadda kake yi. Ina kallo."

Sali ya gyara zama, ya ajiye tabulet a kife a kan cinya. Bai ce nawa ba. Ya nuna wata baƙar saniya mai karyayyen ƙaho da haɓarsa, ya ce, "Bappa, waccan ba 'yar Ɓaleye ba ce?"

"A'a, jikarta ce," in ji tsohon, da Hausa a wannan karon saboda baƙi. "Ɓaleye ga ta can, ta tsufa. Ita na gada wajen babana, uwarta ta zo da mu daga Kamaru. Ta haifi Wule, mai farin goshin nan, ta haifi Saige, ta haifi wani namiji da na sayar shekarar da aka yi gudun hijira. Wule kuma ta haifi..."

Ya shiga lissafo su gida gida, kamar mai ba da tarihin dangi. Wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa. Wadda kura ta taɓa yaga wa cinya. Zuriyar Woɗeye jajaye, zuriyar Raneye farare, da Fure wadda aka ba ɗansa ranar suna. Kowace da sunanta, da na uwarta. In ya ambaci wadda ta mutu ko aka sayar sai ya ce, "Ba ta nan." Abbagana ya lura da hannun Sali a kan gwiwa. Babban yatsansa na tafiya a kan gaɓoɓin sauran yatsun kamar mai tasbihi, in an ce ba ta nan sai ya tsaya. Madam ma tana ɗiga biro a bayan littafinta.

Kusan awa guda aka yi. Da tsohon ya ce, "Shi ke nan abin da Allah ya ba ni riƙo," sai Madam ta ƙirga ɗigonta a zuci, ta rubuta lamba, ta buɗe abin da Sali ya tura makon jiya. Ta miƙa wa Abbagana littafin da tabulet ɗin tare. Lamba ɗaya ce a duka biyun.

Abbagana ya sake duban lambobin biyu. Ya ɗaga kai ya ga Madam tana kallon Sali da irin kallon da bai taɓa samu daga gare ta ba, duk da gida sittin da huɗunsa. Ya ga tsohon ya ɗora hannu a kafaɗar Sali yana ce masa wani abu da Fulatanci. Shi kuwa yana zaune a gefen tabarma da ƙwarya a hannu, kamar ɗan rakiya. A ransa ya hango falmaran shuɗiya a jikin Sali, ta yi masa yawa a kafaɗa, Mardiyya na gyara masa wuyanta.

Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ɗauko muryar wasa, wadda ba a fushi da ita.

"Kai, Bappa! Ashe bawan nan nawa attajiri ne? Shanu hamsin da bakwai kake ɓoyewa a bayan tudu, kana ba ni kindirmo rabin ƙwarya?"

Ya jira dariya. Ba ta zo ba.

Matar da ke tatsa ta tsaya, ta ɗauke ƙwaryarta ta shige bukka. Babban ɗan tsohon ya yi tofi gefe, yana motsa baki. Mahaucin Maiha ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa, kamar bai ji ba, kuma kowa ya san ya ji. Bappa Adi ya janye hannunsa daga kafaɗar Sali a hankali.

"Wasa nake yi, Bappa," in ji Abbagana. "Ai ni Kolejo ne."

"Kolejo yana zagina, ina zaginsa," in ji tsohon. "Yana iya cewa ni bawansa ne, yana iya ɗauke min takalmi. Ban taɓa jin Kolejo ya ƙirga min dabba da baki ba."

Ya juya ga Sali ya yi magana da Fulatanci, a hankali, ba tsawa. Madam ta ce a fassara mata. Sali bai ɗago kai ba.

"Ya ce ranar da na fara zuwa na gaya masa gaskiya, cewa zan ƙirga a hannuna in sa a na'ura. Ya ce ya yarda ne saboda na yi masa alkawari lambar za ta shiga ciki ba tare da baki ya ɗauke ta ba. Ya ce garken da aka faɗi yawansa raguwa yake yi. In kambun baka bai ci shi ba, kunnen ɓarawo zai kai masa dare." Sali ya ci gaba. "Ya ce na karanta masa cewa duk ranar da ya ga dama zai iya cewa a goge. Ya ce yau ya ga dama."

Madam ta buɗe baki za ta roƙa, ta dubi fuskar tsohon, ta fasa. Ta karɓi tabulet, ta juya masa fuskarta don ya gani, ta goge gidan Bappa Adi.

Ba a raka su ba. Kafin su tsallaka mayo wayar Sali ta fara ƙara. Kafin su kai Sorau ta yi ƙara sau shida. Labari ya riga su zagaya rugage: na'urar yaran nan tana faɗin yawan shanu a gaban baƙi. Kowa na cewa a cire nasa. A cikin mota Sali ya riƙa faɗa wa Madam sunayen, ita kuma tana gogewa. Da suka shigo Mubi gida huɗu suka rage masa cikin ashirin da uku. A bakin ofis ya ajiye tabulet a kan tebur, ya sa hularsa ya tafi.

Ranar Juma'a Madam ta sauko da falmaran daga ƙusa.

"Na rubuta wa manya duk abin da ya faru," ta ce, a gaban kowa. "Sun ce su abin da ke cikin kwamfuta suke gani. Mai gida sittin da huɗu, da mai gida huɗu." Ta miƙa wa Abbagana ba tare da ta dube shi ba. "Ga shi. Kai ne shugaba."

Ba wanda ya tafa. Mardiyya tana duba farcenta.

"Kuma ga aikinka na farko. Masu allura sun ce in babu lamban shanu na Sorau, za su cire Sorau daga lissafi, su kai maganin wani wuri. Kwana goma suka ba mu. Kai ka rufe ƙofan, kai za ka buɗe."

Falmaran ta zauna masa daidai, kamar an auna. Ya saka ta ya bi ta layin shagon babansa, mutum biyu suka yi masa barka, bai ji komai ba. Ya kai tawaga Sorau ranar Litinin, ya sake kai su Laraba. A kowace ruga sai a ce maigida ya tafi kiwo, ko da kuwa ga takalmansa a ƙofar bukka. Ko ruwa ba a ba su ba.

A rana ta shida ya tafi kasuwar shanu. Ya sami Sali a inda ya fara samunsa, riƙe da igiyar wani jan bijimi, ƙafafunsa cikin taɓo. Sali ya dubi falmaran, ya dubi fuskarsa.

"Ta yi maka kyau."

Abbagana ya so a ce da gatse ya faɗa. Ba da gatse ba ne, kuma wannan ya fi ci masa rai.

"Sali, sun ƙi buɗe mana."

"Na ji."

"Za a cire Sorau."

Sali ya ɗaure igiyar a turke, ya goge hannu a wando. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Da ka ce, Fulata, yaya kake yi, da na nuna maka a rana ɗaya. Kai ka koya min na'urar nan, ban ji kunyar tambayarka ba."

Abbagana ya dubi taɓon da ke ƙasa. Amsar tana bakinsa, amma ba irin wadda ake faɗa ba ce.

"Na je wurin Bappa shekaranjiya," in ji Sali. "Ba don kai ba. Ciwon huhu ya shiga garken maƙwabcinsa, na san abin da yake yi, shi ya cinye na babana. Na kwana biyu ina ba shi haƙuri. Ya ce in dawo da na'urar. In ya yarda sauran za su yarda."

"To ni fa?"

"Ya ce Kolejo ma ya zo. Amma zai zauna ya ba garke baya, kuma ba zai buɗe baki ba har mu tafi."

Haka aka yi. Ranar Asabar da hantsi shugaban tawaga na zagaye na biyu yana zaune a kan wani dutse a gefen rugar Bappa Adi, cikin falmaran shuɗiya, fuskarsa na kallon gonar dawa, bayansa na kallon shanu. Mardiyya ta bi Sali kan tabarma, ta ce tana son ta koya. Yana jin muryarta tana gwada gaisuwar Fulatanci, ana yi mata dariya, ana gyara mata. Yana jin ƙarar ludayi a ƙwarya. Shi ba a kawo masa ba.

Sannan muryar tsohon ta fara. Ɓaleye, wadda uwarta ta zo daga Kamaru. Abbagana ya ga babban yatsansa ya hau kan gaɓar ƙaramin yatsa da kansa, ba tare da ya sa shi ba. Ya bar shi ya ci gaba.

"Ta haifi Wule," in ji tsohon. "Ba ta nan."

Ba wanda ya yi magana a kan tabarma. Abbagana ya ji shirun ya taho ya tsaya a bayan wuyansa. Makon jiya Wule na nan, mai farin goshi, ya gan ta da idonsa tana lasar ɗanta. Ya san ciwon huhu ne, Sali ya faɗa masa yana kusa. Ya san kuma abin da kowa a rugar nan yake tunani, da abin da za su riƙa faɗa duk ranar da aka ambaci Wule, ko bayan shekara ashirin. Ya so ya juya ya ce ba shi ba ne. Ya danne leɓensa da haƙori.

Muryar Sali ce ta katse shirun, a hankali, da Hausa don kowa ya ji.

"Bappa, tari ta yi kafin ta faɗi?"

"Ta yi tari kwana uku."

"To irin wannan allurar ke tarewa. Saige fa, tana lafiya?"

Tsohon ya ja numfashi, ya ci gaba da Saige.

Abbagana ya gane abin da Sali ya yi masa yanzun nan, ya ɗauke laifin daga bakinsa ya ɗora wa ciwo, a gaban mutanen da ba za su saurari kowa ba sai shi. Ya nemi godiya a cikin ransa, ya same ta, amma a ƙarƙashinta tsohon ƙyashin nan na nan kwance bai motsa ba. Ko wannan ma Sali ya fi shi iyawa.

Da aka gama, ya ji takun ƙafa a bayansa. Doka ce shugaban tawaga ya duba kowane fom kafin a tura. Sali ya zagayo ta gabansa ya miƙa masa tabulet, gorar nono da aka ba shi na rataye a ɗayan hannun.

"Ranka ya daɗe, shugaba," ya ce ƙasa-ƙasa. "A duba wa bawa aikinsa."

Abbagana ya shafa fuskar na'urar har ya iso tambaya ta talatin da ɗaya. Lambar da ke ciki ita ce wadda babban yatsansa ya tsaya a kai, ta gaza ta makon jiya da ɗaya. Ya dube ta, leɓensa a rufe, ya danna ya tura.

"Saura ruga goma sha takwas," in ji Sali. "Kuma duk sun ji sharaɗin Bappa, sun ce su ma haka suke so."

Mardiyya ta taho tana maimaita sunayen shanu a bakinta, ta wuce shi ta bi bayan Sali. Abbagana ya tashi ya kakkaɓe falmaran, ya ɗauki jakar tawaga, ya bi su zuwa ruga ta gaba, yana duban inda zai sami dutsen zama.